Sunan Mutumin da ke Cikin Gwangwani

Samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona sun nuna mini wani fim a waya kwanan baya. Wai a bakin Kasuwar Oyil Mil suka ɗauke shi da safe, kafin la'asar sun yanka sun haɗa, kafin magariba duniya ta gani. Na kalla na ce ya yi kyau, don ya yi ɗin. Sai ɗaya daga cikinsu, mai kaifin baki, ya ce, "Baba Idi, ku a zamaninku ai ba aiki kuke yi ba. Ku kunna inji, ku koma gefe ku kunna sigari." Ban yi fushi sosai ba. Na dai gaya masa cewa da na taɓa kunna sigari a ɗakin majigi, da yau ba su da wurin zama, don da mai bencin ya daɗe da zama toka. Tunda kun tsokano ni, sai ku gyara zama ku ji.

A Inugu na koyi aikin, kafin yaƙin basasa. Mahaifina mahauci ne, kuma bai so ba ko kaɗan, don a unguwar Hausawa ta lokacin ɗan silima da ɗan caca jirgi ɗaya ya kwaso su. Wanda ya koya mini wani dattijon Ibo ne, Oga Benji, da ya yi shekaru a Jos har Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan gishiri. Wata shida bai bar ni na taɓa inji ba. Aikina juya faifai. Fim idan an gama haska shi, kansa yana ciki, wutsiyarsa a waje, sai an mayar da shi baya da hannu kafin gobe. Kana juyawa da dama, fim yana wucewa tsakanin yatsu biyu na hagu. Yana da ƙananan ramuka a gefe da gefe, inda haƙoran inji ke kamawa su ja shi, kuma idan rami ɗaya ya yage, yatsa ne ke ganowa kafin ido. Oga Benji yakan ɗaure mini ido da tsumma, ya ɗora faifai, ya ce, "Akwai uku a ciki, nemo min." In na kawo biyu, ranar ni ke sharar fili.

Kayan aikin ba su da yawa, har yanzu suna cikin akwatin nan: reza, ƙaramin almakashi, burushi mai laushi, da kwalbar gam mai warin da ke hawa kai. Idan fim ya tsinke, ka daidaita bakin biyu, ka kankare hoton da ke bakin ɗaya da reza har ya yi fari, ka shafa gam siriri, ka ɗora, ka danne ka ƙirga goma. Gam ya yi yawa, fim ya narke. Ya yi kaɗan, ya rabu a tsakiyar waƙa. Hasken kuwa ba ƙwan lantarki ba ne. Sanda biyu ne na kabon, wani irin gawayi, suna ci da wuta baki da baki, suna ƙarewa a hankali, kai kuma kana matso da su da hannu duk bayan 'yan mintoci. Ka yi gyangyaɗi, allo ya yi ja, sannan ya mutu. Ga inji biyu, wannan na ƙarewa dole wancan ya karɓa ba tare da mai kallo ya ankara ba. A wajen yanka dokar Oga Benji ɗaya ce: kada ka cire hoto biyu inda ɗaya zai isa. "Mutum ne a ciki," in ji shi. "Ka yanke masa taku ɗaya, har abada tsalle zai riƙa yi a wurin."

'Yan kallo ba su san sunana ba, amma sun san uwata. Fim ya tsinke na daƙiƙa biyar, sai fito ya tashi, sai ka ji "Afareta, uwaka!" daga kujerun gaba, bawon lemo yana shigowa ta 'yar tagar da haske ke fita. Ibo na zagi da yarensa, Bahaushe da Hausa, sauran da Buroka. A nan kaɗai na taɓa ganin kan ƙasar nan ya haɗu a kan magana ɗaya. Ranar da komai ya tafi daidai kuwa, ba wanda ke ɗaga kai ya dubi tagar.

Da rikici ya tashi muka bar Inugu da rigunan jikinmu. Wannan ba labarin yau ba ne. Bayan yaƙi na dawo na sami Oga Benji da rai, ya rame, kunnensa ɗaya ya daina ji, ɗakin majiginmu kuma babu rufi. Shi ya rubuta mini takarda zuwa wani Balarabe ɗan Lebanon da ke sake buɗe silima a Fatakwal. Haka na sauka a Mayil Tu, Diyobu, daidai lokacin da kuɗin man fetur ya fara zuba. Lebura ya sayi rediyo, makaniki ya sayi babur, kowa yana son fim ɗin Indiya da na 'yan Cana masu karate. Sau biyu muke haskawa kullum, ran Asabar sau uku.

Wata Litinin mai gidan ya ba ni mabuɗin wani sito a bayan allo, ya ce in kwashe duk abin da ke ciki in zubar a rafi, yana son wuri don sababbin kaya. Sito ne da ba a buɗe ba tun kafin yaƙi, kuma wanda ya sayar masa da gidan ma a haka ya gaje shi. Gwangwanayen fim ne tsibi guda, tsatsa ta haɗe murafunsu, sai da na sa kananzir da bakin sukundireba. Tsohon fim iri biyu ne, kuma dole ka san wanne ne a hannunka. Sai ka yanki ɗan guntu, ka fita waje nesa, ka sa masa ashana. Na baya-bayan nan yakan nannaɗe ya mutu da kansa. Na zamanin da kuwa fuu yake yi, kuma ko a bokitin ruwa ka jefa shi yana ci. Duk na siton nan irin na zamanin da ne.

Da na bi umarni da na huta. Amma hannun da ya saba ba ya jefar da fim bai duba ba. Na riƙa warware kan kowane faifai ina ɗaga shi ta wajen hasken ƙofa, da gilashin tsohon inji a idona. Yawanci Turawa ne da huluna, suna gudu suna faɗuwa, irin fina-finan da ba sa magana. A wajen gwangwani na ashirin na ga abin da ya sa na zauna a ƙasa. Baƙaƙen fata ne, dukkansu. Wani da kwat da jakar likita, wata mata tana tuƙa mota, wani tsoho yana wa'azi, gidaje da tituna irin na Amurka. Na shekara fiye da goma ina haska fim, kuma in baƙin mutum ya fito, to ko dai tire yake ɗauke da shi ko mashi. Ban taɓa sanin cewa tun fim bai koyi magana ba akwai namu da suka yi nasu da kansu ba. Na ji daɗi, na kuma ji haushin cewa sai a juji na sani.

Fim na biyu da na tsinta faifai uku ne, kuma tun hoton farko na gane ruwan. Kogin Kwara ne a Anacha, kafin a yi gada. Labarin wani Bature ne mai tafiya a kwalekwale, amma wanda ya riƙe fim ɗin wani dogon mutum ne mai tsagar mutanen Arewa a kumatu, da ɗan zane ɗaure a ƙugu. Shi ke tuƙi, shi ke faɗa da ɓarayin ruwa, shi ya faɗa kogi ya tsamo Baturen da kwalekwale ya kife. A ƙarshen faifai na uku mai ɗaukar hoto ya tsaya a kan fuskarsa ya daɗe. Na koma farkon fim ina neman sunaye. An rubuta Baturen, an rubuta matarsa, an rubuta wanda ya ɗauka, har karen da ke cikin kwalekwalen an rubuta sunansa. Dogon nan kuwa yaron jirgi kawai aka ce da shi.

Gwangwani bakwai na ɓoye, huɗu na Amurka, uku na Anacha. Matata ta ce ko ni ko su a ɗakin, kuma gaskiyarta. Sai na roƙi Alhaji Mamman, sarkin fawan unguwarmu, ya ba ni wata rumfa can bayan turken shanu, nesa da gidaje da wutar 'yan tsire. Na sa su cikin randuna biyu na rufe da buhu. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan je in buɗe su su sha iska, in juya kowane faifai a hankali daga farko har ƙarshe don kada ya manne. A cikin murfin kowane gwangwani na liƙa takarda na rubuta abin da ke ciki. Na Amurka akwai sunayen 'yan wasan a jikinsa, na kwafe su harafi-harafi, ko da yake ban san yadda ake faɗinsu ba. Na Anacha, gurbin sunan na bar shi fari.

Shekara ta uku ita ce muguwar shekarar. Damina ta zo da ruwan da ko a Fatakwal sai da aka yi maganarsa, ni kuma ciwon shawara ya kwantar da ni wata biyu. Da na miƙe na tafi rumfar ina dogara sanda. Tun kafin in ɗaga buhun randa ta farko wari ya gaya mini. Faya-fayan Amurka sun zama curi, sun yi kumfa mai danƙo kamar ɗanyen zuma, na ƙasan kuma ya koma gari. Likitan, da matar mai mota, da tsohon mai wa'azi, babu ko ɗaya. Na haƙa rami na binne su don kada su kama wuta, na zauna a bakin ramin na yi kuka, ni da gemuna. Takardar sunayen kaɗai ta rage. A ɗaya randar, faifai biyu na Anacha sun manne daga ciki, ba sa warwaruwa. Na ukun ne ya tsira, shi ma ya tsuke ya fara wari.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Daga inda faifan ya riga ya tsinke na cire hotuna shida na kai wa wani mai hoto a Diyobu, ya fitar mini da su a kati. Ina zaune a rumfar ina duba su sai ga Alhaji Mamman ya zo kewayar shanu.

"Malam Idi, har yanzu kana nan da aljanun naka?"

"Saura ɗaya, ranka ya daɗe."

Ya karɓi katin yana murmushi, ya nisanta shi da idonsa, sai murmushin ya tsaya.

"Ikon Allah. Wannan ai Dogon Fito ne."

Ashe a Anacha Alhaji ya tashi, wajen mahaifinsa falken shanu. Ya ce tun kafin yaƙin Bama, Dogon Fito ne ke ƙetarar wa Hausawa da shanunsu. Kwalekwale biyu a gefe, shi kuma cikin ruwa riƙe da ƙahon bijimin gaba, sauran garken suna bi. "Ranar da Turawa suka zo da akwatinsu mai ƙafa uku ina bakin ruwan," in ji shi. "Da bulala aka kore mu."

"Sunansa na yanka fa, Alhaji?"

Ya daɗe yana sosa gemu. "Wallahi ban taɓa ji ba. Kowa Dogon Fito yake ce masa. Waɗanda suka sani kuwa, wasu ƙasa ta rufe, wasu sun tafi Arewa lokacin gudu ba su dawo ba. Amma matarsa tana nan da rai. Goggo Asabe, mai waina a bayan Kasuwar Rilif, can Anacha."

A motar shanu da ta sauke kaya za ta koma muka tafi. Muka same ta zaune gaban tanda, 'yar ƙaramar tsohuwa, tana juya waina da tsinke ba ta ko duba. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da mutanen Fatakwal ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dubi sarkin fawa guda ta ce, "Mamman, kai ne ka aje wannan tumbin?" Alhaji ya sunkuyar da kai yana dariya. Ya gaya mata abin da ke tafe da mu, na miƙa mata katin. Idonta ya fara yana. Ta kawo shi dab da hanci, ta karkata shi ta wajen rana, ta miƙo mini.

"Wannan ai kowa ne. Mutum a tsaye kamar turke. Shi ba ya tsayawa wuri ɗaya. In na ga tafiyarsa zan gane."

Amma ta tuna ranar. Ta ce sau bakwai Turawan suka sa shi ya faɗa ruwa ya fito kafin su ce ya yi. Ya dawo gida da mura, da bargo ɗaya da suka ba shi, ta dama masa kunun tsamiya da citta. "Ya ce mini wai an ce za a kai shi Ingila a cikin gwangwani. Na ce to, a dai dawo mini da shi." Daga shi har ita ba wanda ya taɓa ganin fim ɗin. Damina biyu bayan haka kogi ya cika, ya shiga da shanu, shanun suka fito shi bai fito ba. Ba a sami gawa ba, babu kabari. Ba su haihu ba. Ta yi aure biyu a bayansa, duk sun riga ta.

Ni kuma da wautata sai na zaro biro. "Goggo, sunansa nake so in rubuta."

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Ɗan nan, wa ya yi maka tarbiyya? Mijina ne na fari."

Ku da matanku ke ƙwala muku kira da suna daga bakin titi ba za ku gane ba, amma ni ya kamata in gane, don uwata har ta mutu ban ji ta kama sunan mahaifina ba. Mace ta wancan zamani sai dai ta ce Malam, ko maigida, ko kawai shi. Na fari kuwa ko bayan ransa. Ba malami ne ya hana ba, kunya ce, kuma ba a sayar da ita don wani baƙo ya zo da biro. Alhaji ya so ya yi dabara.

"To Goggo, mu mu faɗa, ke ki ɗaga kai kawai. Audu ne? Garba? Sule?"

"Mamman, cinikin akuya kake yi?"

Ta koma kan tandarta, ta bar mu zaune kamar waɗanda aka kama da sata. Da za mu tafi ta ƙunsa mana waina a ganye, ta ce, "In da gaske yana cikin gwangwanin, ku kawo shi in gani. Gani ya kori ji."

A nan aikin ya tsaya mini a wuya. Wani malamin jami'a ya taɓa zuwa rumfar ya duba faifan, ya ce kada in kuskura in sa shi a inji, zai rubuta wa wasu a ƙasar waje masu na'urar kwafe irinsa. Wata takwas ke nan ba amsa. Dokar sana'a kuma tana bayansa. Fim idan ya tsuke, ramukansa sun matso kusa da juna, haƙoran inji ba za su faɗa daidai ba, sai su yi ta yaga. Sau ɗaya zai wuce, in ma ya wuce. In na ajiye shi, wataƙila wata rana dubban mutane su ga Dogon Fito ba su san ko wane ne ba, wataƙila kuma damina mai zuwa ta cinye shi kamar 'yan'uwansa. In na haska, tsohuwa ɗaya ce za ta gani, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Na tafi Inugu na zauna ta gefen kunnen Oga Benji mai lafiya, na yi ta ɗaga murya har maƙwabta suka ji labarin. Ya saurara har ƙarshe.

"Idi, wetin bi yo wahala?" in ji shi da Buroka, wato mene ne damuwarka. "Fim ɗin da ba a haska ba roba ce kawai. Malamin nan naka zai iya jira. Tsohuwa ba za ta iya ba."

Ya sa na jawo wani akwati daga ƙarƙashin gadonsa. Tsohon majigi ne na juyawa da hannu, irin wanda ake yawo da shi ƙauyuka a da. "Juya a hankali," ya ce. "In ka ji yana kuka kada ka tsaya. Tsayawa ke kawo wuta."

Sati uku na yi a kan faifan nan, kullum da safe kafin in tafi aiki. Duk ramin da ya yage na yanko siririn faci daga farin fim na liƙa masa, na sake huda shi da bakin almakashi. Na fi ɗari biyu na daina ƙirgawa. Haƙoran injin na rage musu kaifi da ƙaramin zarto. Fitilarsa na cire gaba ɗaya, na sa ƙwan fitilar mota da batir, don hasken ya zama mai sanyi ko da hoton zai yi duhu. Ban iya gwadawa ba, don gwajin shi ne nunin. Har yau in aka tambaye ni ko daidai na yi, sai in ce ban sani ba, ni afareta ne, haskawa aka koya mini.

Bayan azahar muka shirya a zauren gidan da Goggo take haya a Anacha, don yana da ƙofa biyu. Na sa matan gidan suka kashe duk wutar da ke tsakar gida, har ta tandar. Muka toshe taga da barguna, muka kafa farin zanen gado a bango. Injin na girke shi a bakin ƙofa, inda zan iya hankaɗa shi waje da ƙafa in abu ya ɓaci, da bokitin yashi a gefe. Mu uku ne kawai a ciki, ni da Alhaji da Goggo. Hoton bai fi faɗin tabarmar salla ba, sai muka zaunar da ita kusa da bangon.

Na yi bisimilla na fara juyawa. Ruwa ya fito a zanen, rawaya-rawaya, tabo yana ta wucewa ta kansa. Sai ga shi yana saukowa gangaren bakin kogi da sandar tuƙi a kafaɗa, yana ɗan jefa ƙafar hagu waje. Na ji Goggo ta ajiye carbinta a kan tabarma.

Tun daga nan fim ɗin ya fara kuka. Ƙas, ƙas, facin da na yi sati uku ina yi yana yagewa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya wuce ta gaban haske yana zubowa ƙasa a kakkarye maimakon ya naɗe. Hannun dama yana juyi, na hagu yana tura fim cikin haƙora. Kwalekwale ya kife. Dogon Fito ya yi tsalle ya faɗa, ruwa ya rufe. A fim ɗin abin bai fi daƙiƙa goma ba, amma hannuna a hankali yake tafiya, sai ya yi tsawo. Alhaji yana ta salati ƙasa-ƙasa. Na so in ƙara sauri saboda ita, na san kuma in na ƙara fim ɗin zai tsinke yana ƙarƙashin ruwa.

Sai kansa ya ɓullo. Ya jawo Baturen zuwa gaɓa, ya miƙe, ya juyo, fuskarsa ta cika zanen, yana share ruwa yana dariya.

"Isiyaku," in ji Goggo.

Ba da ni take ba. A hankali ta faɗa, kamar mai gwada ko bakin zai iya.

"Isiyaku na Bawa, mutumin Yawuri. Ka jiƙe."

Hannuwana biyu a cike suke, ba halin biro. Na yi ta maimaitawa a zuci ina juyi, har wutsiyar fim ta fice, zane ya koma fari. Na cire wayar batir, na buɗe ƙofa. A ƙasa tsibin guntaye ne, babu wanda ya kai kamu ɗaya. Na ɗauki kati ɗaya na rubuta sunan a bayansa, da boko da ajami. Alhaji ya juya wa bango fuska yana goge ido da bakin rawani.

"Ka ji?" ta ce, ba ta juyo ba. "Ba zan maimaita ba."

"Na ji, Goggo. Na rubuta."

"To a sake sa shi."

"Ba zai sake tafiya ba, Goggo. Ya ƙare."

Ta daɗe tana kallon farin zanen. Sannan ta laluba ta ɗauki carbinta, ta gyara mayafi.

"To, ba komai," ta ce. "Wancan karon kwana uku na yi a bakin ruwa ban ga fitowarsa ba. Yau na gani."